Shekarar da Aka Kai Akuyar Doguwa Kasuwa

A garinmu, can arewa da Matankari, an yi wata baƙar akuya da ta fi maigari iko. Ba ba'a nake yi ba. Maigari in zai shiga gonar mutum sai ya yi sallama, ita kuwa shiga kawai take yi, ta ci wake, ta karya gero tun yana tsaye, ta fito tana lasar baki, mai gona yana kallo yana murmushin dole. Na taɓa ganin wani magidanci ya ɗaga mata sanda daga nesa, da ya matso ya gane ko wace ce sai ya juya sandar ya sosa bayansa da ita.

Akuyar ta Doguwa ce. Wanda bai tashi a Arewa ba sai an yi masa bayani: Doguwa iska ce, mace, kuma a zamanin da nake magana babu gidan da ba ya tsoronta, har gidajen da ake salla. Gwaggona, yayar babana, ita ce godiyarta a garinmu, wato ita Doguwa take hawa idan an sa goge. Mijin Gwaggo ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta babu wanda ya rayu, saboda haka a gidanmu take zaune, a wata 'yar bukka kusa da rumbu. Ita ke kiwon akuyar, amma ba tata ba ce. An ɗaura wa dabbar wata jar fata a wuya mai ƙwayar wuri ɗaya, irin na kuɗin da, alamar an riga an ba da ita. Ƙa'idar kuwa ko yaro ya san ta: duk abin da ke sanye da fatar nan na Doguwa ne, ba a dukansa, ba a sayar da shi, kuma ranar da ta nemi abinta, yawanci gab da faɗuwar damina, sai a kai mata shi gindin tsamiyar bayan gari. An yi damina da dama Doguwa ba ta nema ba. Akuya ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, ta raina kowa.

A shekarar da zan ba ku labarinta ne aka sa ni cikin masu biyan harajin Nasara, wanda muke kira lanho. Kai ake biya wa, kowane baligi da nasa. Yadda aka gane na balaga kuwa ba wuya: lokacin ƙidaya akawun kumandan, wato akawun Baturen da ke mulkinmu, ya sa na ɗaga hannu, ya leƙa hammatata, ya ga gashi, ya ce na isa. Ranar ce na san gashin hammata dukiya ne, sai dai ba ta mai shi ba, ta Faransa. Gidanmu ya zama kai huɗu ke nan: Baba, Inna, Gwaggo, da ni.

Sai fara ta sauka tun gero yana ɗaukar ido. Abin da muka girbe bai kai a kira shi girbi ba. Amma fara ba ta cin lanho, yana nan yadda yake, kuma Nasara ba ya karɓar gero ko wuri, sai tamma da dala irin nasa. Baba ya sayar da jaki. Inna ta cire mundayenta. Aka haɗa aka kai wa maigari, ya lissafa ya ce kai biyu sun fita, saura biyu. Baba ya ce a ɗauka nasa da na matarsa ne suka fita. Aka bar nawa da na Gwaggo a rataye.

Kada a zalunci gwamnatin wancan zamani a ce ba ta tausayin wanda ya kasa biya. Tana da hanyoyi, kuma a jere suke. Ta farko shanya: a zaunar da maigida a rana a ƙofar maigari, a cire masa hula, daga hantsi har la'asar, wai ko zafi zai tuna masa inda ya binne kuɗin da bai taɓa mallaka ba. In rana ta kasa, sai a shiga gida a ɗauki abin da ido ya gani a kai kasuwa. Wasu kan riga su tsallaka ƙasar Ingilishi da kayansu a ka, amma wanda ya gudu maƙwabtansa ake ɗora wa nauyinsa, don haka kowa ya zama mai gadin kowa ba albashi. In duk waɗannan sun ƙi, sai a ɗauki saurayin gidan a kai shi aikin hanya, ya yi ta ɗaukar marmara a kwando har sai Nasara ya ga ya ƙoshi.

Wannan ta ƙarshe mun san ta a gidanmu. Wana, wanda nake bi, an taɓa kai shi hanyar da ta ratsa Dogon Dutsi. Ya tafi yana iya ɗaga buhun gero shi kaɗai, ya dawo yana tari yana dafa bango, bai ga kakar shekarar ba. Ni ne kaɗai namijin da ya rage wa Baba. Ina tsoron hanyar nan tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum haɗiye tuwo, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Aka fara da shanya. Babana mutum ne mai ji da kansa, wanda ko mu 'ya'yansa ba mu cika ganin kansa ba hula ba. Ga shi zaune a tsakar rana, gumi yana bin sanƙonsa, yara suna leƙe ta bayan darni. Maigari yana inuwa a kan buzu, yana kallon ko'ina ban da wajen Baba. Tare aka yi musu kaciya. Ban taɓa iya ƙin maigarin nan yadda nake so ba, domin na san in jimillar garin ba ta cika ba shi ma a Dogon Dutsi za a cire masa rawani a gaban jama'a. Kowa da mai shanya shi.

Da rana ta gama aikinta ba ta fito da ko tamma ba, sai aka aiko gardi, wato ɗan sandan kumandan. Gardawan kumandan yawanci ba 'yan ƙasarmu ba ne. Wannan daga can yamma mai nisa ya fito, tsohon soja ne, da jar dara da bindiga da Hausa rabi da rabi. Muna ce masa Kafaran, wato kofur, ko da yake babu igiya ko ɗaya a hannun rigarsa, don mun lura in an kira shi haka bulalarsa takan yi sanyi. Ya shiga gidanmu tare da maigari, maƙwabta suka biyo shi wai don jaje. Ya leƙa rumbu ya ga ƙasa. Ya shiga ɗakin Inna ya fito da ƙwarya, ya duba ta, ya mayar. Yana cikin haka sai ga akuya ta shigo daga yawonta, cikinta ya yi tim, ta ratsa ta gabansa ko kallo bai ishe ta ba.

Maƙwabcinmu na gabas, wanda akuyar ta fi ƙaunar wakensa, ya yi gyaran murya ya dubi sama ya ce, "Akwai dai bisa guda mai ƙafa huɗu cikin gidan. Amma mu ba mu ce komi ba."

Kafaran ya nuna ta da bulala. "Akuya na wa?"

Gwaggo tana zaune a ƙofar bukkarta tana kaɗi. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ba tawa ba ta."

"Na wa?"

"Ta Doguwa ta."

"Doguwa ina? Kira shi. Ya biya lanho?"

Babu wanda ya yi dariya, kowa ya dubi ƙasa. Can maigari ya matso ya yi bayani da ladabi cewa, ranka shi daɗe, ita wagga ba a sa ta cikin ƙidaya ba. Kafaran ya girgiza kai irin na wanda ya kama babban ɓarawo. Ya ce ashe akwai mai dukiya a garin nan da ta ɓuya wa ƙidaya, to akuyarta ta zama ta kumandan. Ya yanke hukunci nan take: ni zan ja ta zuwa kasuwa yana biye da ni. In kuɗinta sun rufe kai biyu, magana ta ƙare. In ba su rufe ba, igiyar da aka ja akuya da ita za a ja ni zuwa hanya.

Gwaggo ta ce, "Ni dai na hwaɗi, ba tawa ba ta." Ta ci gaba da kaɗinta.

Ban taɓa ganin rakiya irin ta ranar da muka fita ba. Gari ya fito, fuskoki a murtuke, ana ta "Allah shi kyauta," zukata kuwa fari ƙal. Shekaru suna neman wanda zai raba su da akuyar nan ba tare da hannunsu a ciki ba, ga shi Allah ya kawo baƙo mai bindiga wanda bai san komai ba. Maƙwabcinmu na gabas har bakin gari ya raka mu, yana share hawayen da babu.

A kasuwar Matankari na ja ta zuwa wajen tumaki da awaki. Dillali ya hango mu ya taso da fara'a, don dabba mai ƙiba a shekarar fara abin kallo ce. Ya kai hannu zai taɓa gadon bayanta, sai idonsa ya faɗa kan jar fatar. Hannun ya tsaya a sama. Ya mayar da shi cikin riga, ya ce ai yanzu ya tuna ana suna a gidan surukinsa, ya tafi bai waiwayo ba. Mahauta suka taso su ma, suka duba, suka koma. Kafin azahar an yi mana fili a tsakiyar kasuwa, mu uku, ni da gardi da akuya, mutane suna zagaye mu kamar ana zagaye rijiya marar baki.

Wani malami mai carbi ya zo ya tsaya, ya ɗaga murya don kowa ya ji. Ya ce wannan duk aikin jahilci ne, akuya akuya ce, Allah ya halatta namanta, babu wata iska da ta isa ta mallaki ko kaza. Ya yi magana mai kyau, har na ji zuciyata ta ɗan kwanta. Kafaran ya ce, "To, Malam, saya." Malam ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya ce wallahi jakarsa tana gida, kuma gidan da nisa. Bai ce a jira shi ba.

Kafaran ya yi ta rage kuɗi har ya kai inda ko zakara ba a bayarwa haka. Babu wanda ya taya. Abin da muka samu kawai shi ne wata tsohuwa mai sayar da ƙosai da ta kawo ƙwaryar dusa, ta durƙusa, ta ajiye a gaban akuya, ta yi mata gaisuwa ta tashi. Mu ba ta ba mu ko ƙosai ɗaya ba. Wunin ranar akuya ce kaɗai ta ci riba a cikinmu.

Da ya gane inda matsalar take, sai ya zare wuƙa ya miƙo mini ya ce in yanke fatar. Na ce, "Kafaran, hannunka ya hi nawa ƙarhi." Ya dube ni, ya dubi wuƙar. Tsohuwar nan mai ƙosai, don taimako, ta matso ta yi masa bayanin abin da Doguwa ke yi wa wanda ya taɓa kayanta ba izini: hannu ya shanye, ƙafa ta bi shi, baki ya karkace. Ta kwatanta masa da jikinta, kuma ta iya kwatance. A nan ne na lura da damtsensa. Layun da ke ɗaure a wurin sun fi harsashin da ke ɗamararsa yawa. Mutumin ya yi wa Faransa yaƙi, amma shi ma a garinsu akwai wata tsamiya. Ya mayar da wuƙa kube.

Daga ranar tafiyarmu ta sake. Da yana bayan akuya yana zungurarta da gindin bindiga, yanzu ya koma gefe, ya bar tazara. In ta tsaya cin ciyawa sai mu tsaya. In ta shiga gonar mutane sai ya juya baya yana gyara dara. Kafin mu isa Dogon Dutsi ya fara kiranta Madam.

Ya sa rai da Dogon Dutsi, don a can akwai baƙi da ma'aikata waɗanda ba ruwansu da al'adunmu. Amma labari ya riga mu isa, a bakin masu jakuna. Akawun da ya leƙa hammatata ya fito daga biro, wato ofishinsu, da wandonsa da takalmi, ya tsaya a kanmu ya yi dogon jawabi, rabi da Faransanci, a kan yadda tsoron iskoki ya hana baƙar fata ci gaba. Kafaran, wanda ya riga ya ji irin wannan wa'azin a Matankari, ya jira ya gama, ya kira shi da sunan girma irin na Faransa ya ce, "To, Mushe, saya." Akawu ya ce wata bai ƙare ba. Da zai wuce na ga ya kauce don kada inuwar akuyar ta taɓa takalminsa.

Haka gwamnatin Faransa, mai jirage da igwa, ta mallaki akuya guda ta kasa mayar da ita dala. Muka juyo gida. Ta ƙara ƙiba, mu mun rame. Da muka shigo gari fuskokin da suka raka mu da baƙin cikin ƙarya suka tarye mu da na gaske. Akuya ba ta ko tsaya shan ruwa ba, ta zarce gonar maƙwabcinmu na gabas.

A nan dariya ta ƙare mini. Kafaran ya gaji, kuma yana jin kunyar komawa hannu wofi. Ya kwance igiyar daga ƙafar akuya, a hankali, yana ba ta haƙuri, ya naɗe ta ya rataya a kafaɗarsa, ya ce gobe da hantsi ni da shi. Inna ta shiga bayan ɗaki, ina jin kukanta tana toshe baki da zane. Baba ya dawo daga shanya, don ba a dakatar da ita ba duk kwanakin da muke yawo, ya zauna ya ƙi dubana. Na san abin da yake gani. Ni ma wana nake gani, ranar da ya dawo yana dafa bango.

Gwaggo ta ajiye mazarinta ta ce wa Baba, "Gobe sunka ce?"

Ya ce, "Gobe, Yaya."

Ta ce, "To."

Da gari ya waye ta kama akuya ta nufi tsamiya ita kaɗai. Ba goge, ba 'yan rakiya. Rana ta ɗan ɗaga sai ga ta ta dawo, akuya tana biye da ita, wuyanta fayau babu fata. Gwaggo ta yi lulluɓi har haɓa, ko da yake zafi ya fara. Ta tsaya a gaban Kafaran, wanda ya riga ya yi ɗamarar tafiya, ta ce, "Na yi magana da mai ita, mun shirya. Ta sake ta. Amma ku kai ta nesa, Kore Mairuwa, inda ba a san huskatta ba. Mutanen nan ko an ce musu an sake ta ba su yarda."

Baba ya dube ta ya daɗe. Ya ce, "Yaya, mi kinka ba ta?"

Ta ce, "Ba daga rumbunka na ɗiba ba. Ina ruwanka?"

Baba ya juya ya shige ɗaki. Ni kuwa murna ta cika mini kunne, ban ji komai a cikin maganar ba. Na kama igiya muka kama hanyar kudu.

A Kore Mairuwa ko zama ba mu yi ba aka saye ta. Baƙar akuya ce mai ƙiba a shekarar da awaki suka zama ƙashi da fata, mahauta har rige-rige suka yi. Wanda ya saya ya ja ta, ta turje kamar yadda ta saba, ya ɗaga ƙafa ya shure ta. Ba zan manta kallon da ta yi masa ba. Tun da aka haife ta ba a taɓa yi mata haka ba, ta tsaya tana mamaki, ya ƙara mata. Kafaran ya kau da kai. Ni ma na ji wani abu, duk da wake da geron mutane da ta ci. Sai dai tausayin bai hana Kafaran cire kuɗin takalminsa daga cinikin ba, ya ce ya sha tafiya. Abin da ya rage ya rufe kai biyu da ƙyar.

Wanda ya biya lanho ana ba shi ɗan tikiti. Mukan sa a ɗinke shi cikin fata mu rataya a wuya kamar laya, domin in gardi ya tare ka a hanya ba ka da shi, to bakinka ba zai fisshe ka ba. Na dawo gida da guda biyu, nawa da na Gwaggo, ina tafe ina taɓa su. Na same ta a ƙofar bukka tana kaɗi, da lulluɓinta. Na durƙusa ina wasa na ce, "Gwaggo, kawo wuya in rataya miki layar Anasara."

Ta sassauta lulluɓin. Jar fatar nan ce a wuyanta, da wurinta ɗaya.

Ta ce, "Wuyan ya cika, ɗana. Aje shi wani wuri."

Na tsaya da tikitin a hannu. Na san ƙa'idar kamar yadda kowa ya san ta. Ba a ƙwace wa Doguwa kaya, sai dai a musanya mata, kuma abin da ke sanye da fatar shi za ta nema ranar da ta tashi nema. Gwaggo ta ga fuskata ta yi dariya har tana tari.

Ta ce, "Mi kaka ma kuka? Ta ba da akuya mai ƙiba ta amshi tsohuwa da ba haƙora. Ka taɓa jin wanda ya cuci Doguwa haka a ciniki?"

Watannin da suka biyo baya Gwaggo ta ci sarautar akuya, kuma ta ci ta da kyau. In ta taho ana kauce mata a hanya. Duk gidan da ta shiga sai a fito da ɗan abin da aka ɓoye. Takan shiga rumbun maƙwabcinmu na gabas da rana tsaka ta ɗebi wake a ƙwarya, ta fito ta gaishe shi, ta tambaye shi lafiyar iyali, yana amsawa yana murmushin da ya saba yi wa akuya. Har ta taɓa ce masa ya ci sa'a, ita ba ta cin ganyen. Duk abin da ta samo a tukunyar Inna yake ƙarewa. Da waken mutumin nan muka ƙetare bazara, kuma ban taɓa cin wake mai daɗinsa ba. Ita kanta ba ta cika ci ba, sai ta ce ta ci a waje.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ta kwanta. Ba wani ciwo mai suna ba ne, zazzaɓi ne da rashin ƙarfi. Babu wanda ya kai ta gindin tsamiya, babu wanda ya zare wuƙa, ba a yi wa mutum haka. Ta dai kwanta ne kawai kamar wadda ta san an kira ta. Baba ya roƙe ta ta bari a nemo ko 'yar ƙaramar akuya a mayar mata da fatar, ta ce da wane kuɗi, kuma ita ba ta yin ciniki biyu a kan kaya ɗaya. Ta rasu a makon ruwan farko, muna shirin shuka.

Masu bori suka ce Doguwa ta ɗauki abinta. Limamin gari ya ce kwana ne ya ƙare. Da an tambayi akawun nan da ya ce yunwa ce da tsufa, kuma wataƙila da ya yi gaskiya karo ɗaya a rayuwarsa. Ni daga baya na zauna gaban malamai, na kuma koyi boko da girmana, amma har yau ban san wanne ne ba. Abin da na sani shi ne lokacin da take ɗaura fatar nan a gindin tsamiya ita ba ta da shakka a kan abin da zai biyo baya, kuma ta ɗaura. Na yi kewarta fiye da yadda na iya nunawa a lokacin, kuma tsufa bai rage mini ba.

Da kaka ta zagayo maigari ya zo ƙofar gidanmu da maganar lanho. Ya ce kai huɗu.

Baba ya ce, "Ukku. Kai ka riƙa muna gawatta."

Maigari ya dubi ƙasa ya ce, "Na sani. Amma ga takardar Anasara tana da rai. Sai an sake ƙidaya aka hidda mutum."

Ba a sake ƙidaya ba a shekarar, ba a sake ba a ta bayanta. Kumandan yana da ayyuka. Ni ne nake tsallakawa ƙasar Ingilishi cin rani, in yi dako in yi gini, in canjo sulalla su zama dala, in kawo a biya wa Gwaggo kanta. Doguwa, wadda kowa ke cewa ba ta da tausayi, sau ɗaya ta karɓe ta ta bar mu. Faransa kowace kaka sai ta dawo.

Duk shekarar da aka ba mu tikitinta, Baba yakan kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata yadda ake yi wa na masu rai. Sai ya sa hularsa, ya tafi bayan gari shi kaɗai, ya rataye shi a reshen tsamiya. Na taɓa bin sa na tambaye shi amfanin haka. Ya gama ɗaurawa, ya ja igiyar ya ga ta kama, sannan ya ce, "Kar gardi shi tare ta bisa hanya."